Ta yaya Nijar ta fi Japan ƙarancin marasa aikin yi? Muhawara kan alƙaluman rashin aiki

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Wani jadawali na ci karo da shi jiya da daddare, ya hana ni barci, na ce bari in kawo shi nan masu ilimin abin su warware mana. An jera ƙasashen duniya ne bisa yawan marasa aikin yi. Afirka ta Kudu tana can sama, ta haura kashi 30 cikin ɗari. Sifaniya wajen kashi 10, Kanada ta taɓa 7 a 2025, Amurka ta ɗan wuce 4, Japan 2 da rabi. Har nan ban yi mamaki ba. Da na gangaro ƙasan jadawalin sai na tarar Nijar ba ta ma kai kashi 1 ba, Najeriya kuma tsakanin 4 da 5. Wato Najeriya da Amurka kunnen doki suka yi, Nijar kuwa ta doke Japan. Ko dai ni ne ban iya karanta jadawali ba, ko kuma wani yana raina mana hankali.

Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Na biyun ne. Hukumar ƙididdigar Najeriya da bakinta ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3, mutum sama da miliyan 23. Aka yi shiru kusan shekara biyu da rabi ba a fitar da sabon adadi ba. Kwatsam a watan Agustan 2023 aka ce mana kashi 4.1 ne. A ina waɗannan miliyoyin suka samu aiki? Wace masana'anta aka buɗe ba mu ji ba?

Malam Tukur:
Nura, ba wanda ya ce sun samu aiki, ita hukumar ma ba ta ce ba. Ma'aunin aka canza. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Akasarin ƙasashe suna bin ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO. A wannan ƙa'ida, kafin a kira mutum marar aikin yi sai ya cika sharuɗɗa uku a tare. Bai yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ba a makon da ake tambaya a kai. Ya nemi aiki da gaske cikin makonni huɗun da suka wuce. Kuma in an ba shi aikin a shirye yake ya fara. In ɗaya ya faɗi, ba ya cikin lissafi. Tsohon tsarin Najeriya kuwa nata ne na kanta: wanda ya yi ƙasa da awa 20 a mako, da marar aiki ake lissafa shi. Da aka sauke awa 20 zuwa awa 1, ai dole adadin ya rufto. Tsohon 33.3 ɗin ba a iya jera shi da na Amurka, sabon 4.1 ɗin kuma ba a iya jera shi da tsohon. Kamar ka auna yadi da kamu ne yau, gobe ka auna da mita, sannan ka ce yadin ya ƙanƙance.

Nura:
Allah ya gafarta Malam, awa ɗaya fa kuka ce. A mako. Ni shekarata huɗu da gama digiri. Abin da nake yi shi ne ina koya wa yara uku lissafi, Asabar da Lahadi, awa ɗaya da rabi kowace rana. Abin da ake ba ni ko datar da nake aika takardun neman aiki da ita ba ya saya sosai. Kuna nufin ni ma'aikaci ne?

Malam Tukur:
A takardarsu, ƙwarai kuwa. Kai da shugaban banki layi ɗaya kuke.

Nura:
To Allah ya isa.

Zainab:
Nura ƙanena, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na taɓa yin aikin tattara irin waɗannan bayanai gida-gida na wata uku, bari in gaya maka yadda abin yake a zahiri. Ba a yarda ka tambayi mutum "kana da aiki?" ba, domin kowa zai ce maka babu. Wanda ya wuni yana ɗinki zai ce maka ba shi da aiki, saboda a wurinsa aiki shi ne na albashin ƙarshen wata. Abin da ke cikin kwamfutar hannun da aka ba mu shi ne: cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani abu don a biya ka, ko na awa ɗaya ne? In ya ce a'a, sai tambaya ta gaba ta fito: ka sayar da wani abu, ka gyara wa wani wani abu, ka taimaka a sana'ar gidanku? Tambayoyin suna bin mutum kamar mai tatsar saniya. Akwai wani saurayi da ba na mantawa da shi. Sau uku yana ce min zaman kashe wando yake yi, har yana nuna min fayil ɗin takardunsa a cikin leda. A tambaya ta huɗu ya tuna ranar Talata ya taya wani sauke kaya daga mota an sallame shi. Ina danna "e" sai shafin neman aiki ya ɓace gaba ɗaya, na'urar ta tsallake da mu zuwa "awa nawa ka yi". Shi ke nan ya zama mai aiki. Na ji nauyin abin, amma ba ni da wurin rubuta cewa wannan yaron a cikin ƙunci yake.

Hajiya Rakiya:
Ikon Allah. To su masu wannan ƙa'ida ba su san haka ba ne?

Malam Tukur:
Sun sani, Hajiya. Dalilin awa ɗayar shi ne a samu layi guda da kowace ƙasa za ta iya ja ba gardama, kuma duk wani ƙwadago da ya shiga lissafin arzikin ƙasa ya zama an ƙirga mai yin sa. In ka ce awa 20, wata ƙasa za ta ce 15, wata 30. Sun kuma tanadi wasu ma'aunai na gefe: masu aikin da bai ishe su ba, waɗanda suka gaji suka daina nema, masu aikin da ba rajista ba kwantiragi. Matsalar ita ce jarida lamba ɗaya take ɗauka. Rahoton da ya ce 4.1 shi ne dai ya ce sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya buga-buga suke yi, ba albashi tsayayye, ba fansho, ba hutu. Wannan ba wanda ya sa shi a kanun labari.

Mahamadu:
Salamu alaikum. Tunda an ambaci Nijar bari in sa baki. Mutumin da ba shi da wanda zai ciyar da shi, ina ya ga damar zama ya ce yana neman aiki? Da damina yana gona. Da rani ya tafi ci-rani, ko ya ɗauki ƴar tireda a ka. Ranar da bai fita ba, ba a ɗora tukunya ba. In mai tambaya ya zo kowane mako, zai same shi ya yi awa ɗaya, ya yi hamsin ma. Wannan ƙasa da kashi 1 da Malam Habu ya gani, ni a wurina alamar hannu baka hannu ƙwarya ce. Rashin aiki irin wanda ake ƙirgawa, sai mai ɗan abin hannu ke iya yin sa, ko wanda gwamnati ke ba alawus, ko wanda iyaye suka ɗauke wa ci da sha.

Malam Tukur:
Mahamadu ya gama magana. Akwai ma wani ƙarin abu game da manoma. A 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago ya yanke cewa wanda ke noma don cin gidansa kawai, ba don sayarwa ba, a daina sa shi cikin masu aiki. Ruwanda ta bi wannan da wuri, sai adadinta ya tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa sama da 15, ba tare da an kori kowa daga aiki ba. Kun ga canjin ma'auni ya sauke na Najeriya, ya ɗaga na Ruwanda. Kuma ba duk ƙasashe ne suka koma sabon tsarin a lokaci ɗaya ba, amma jadawalin da ke yawo a intanet sai ya jera su reras kamar da sikeli ɗaya aka auna su.

Auwalu:
Ni dai ban gamsu ba. In talauci ne ke sauke adadin, Afirka ta Kudu fa? Akwai talakawa birjik, kuma da ƙa'idar ILO ɗin suke aunawa, amma a ƙarshen 2021 sun kai kashi 35.3. In aka haɗa da waɗanda suka daina nema, sun wuce 40. Matasa ƴan 15 zuwa 24 kuwa sun haura kashi 60 a lokacin. Me ya hana su buga-bugar? Ni a ganina kuɗin tallafi ne ya sangarta su. Gwamnati na ba tsofaffi, tana ba yara, a lokacin korona kuma ta ƙaro da rand 350 na kuɗin ƙasarsu a wata ga marasa aiki.

Hajiya Rakiya:
Auwalu, ka yi wa mutane adalci. Rand 350 a wata wa zai sangarta? Kuma tallafin ya zo a 2020, alhali tun shekaru ashirin kafin nan adadinsu yana sama da kashi 20.

Malam Tukur:
Ruwa ba ya tsami banza. Tallafin tsofaffi yana taka ƴar rawa, domin a gidaje da yawa kaka ɗaya ce ke riƙe da jikoki da kuɗin fanshonta, wanda hakan ke ba saurayi damar ci gaba da nema maimakon ya karɓi ko mene ne. Amma tushen abin ya girmi haka. Dokar filaye ta 1913 ta taƙaita baƙar fata a kan kusan kashi 7 na ƙasar, daga baya aka ƙara zuwa 13. Ƙaramin manomin da ke haɗiye miliyoyin mutane a sauran ƙasashen Afirka, a can an karya shi tun tuni. Mulkin wariyar launin fata kuma ya tura baƙaƙe unguwanni masu nisa da tsakiyar birni, ya takura musu kasuwanci da lasisi. Mutum ya tashi a inda babu masu saye, kuɗin motar zuwa inda suke ya cinye ribar. Sannan manyan kantuna sun riga sun mamaye kasuwar. Saboda haka wanda ma'adinai ko masana'anta ba su ɗauka ba, ba shi da gona, ba shi da rumfa. Sai ya bayyana tsirara a cikin alƙaluma. A wasu ƙasashen irin wannan mutumin yana nan, buga-buga ce ta lulluɓe shi.

Auwalu:
To na ji ta wannan fuskar. Amma har yanzu ina ganin dokokin ƙwadagonsu da ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikata suna sa masu kamfani tsoron ɗaukar sabon hannu.

Malam Tukur:
Masana da yawa suna tare da kai a wannan, wasu kuma suna cewa an zuzuta. Ƙara da matsalar wutar lantarki da ta addabe su, musamman a 2023. Ba abu ɗaya ba ne.

Sadiya:
Ina karantawa tun ɗazu, bari in kawo muku na Turai tunda a Jamus nake zaune. Ko a nan lamba biyu ce. Hukumar samar da aiki tana cewa sama da kashi 6, domin tana ƙirga duk wanda ya yi rajista kuma aikinsa bai kai awa 15 a mako ba. A ma'aunin ILO kuwa ba a kai 4 ba. Ƙasa ɗaya, wata ɗaya. A Agustan 2025 masu rajistar suka haura miliyan 3, karo na farko cikin shekara goma, aka yi ta surutu.

Abin da nake so ku gani shi ne lokacin korona. Maigidana yana aiki a wata masana'antar kayan gyaran mota. A watan Afrilun 2020 oda ta tsaya cak. Ba a kore shi ba. Aka kira su aka ce kowa zai riƙa zuwa kwana biyu a mako, sauran kwanakin gwamnati za ta biya kaso na albashin da ya rasa, kashi 60, mai ƴaƴa 67. Kurzarbeit suke ce wa tsarin. Ina tuna takardar albashinsa ta wannan watan, layi biyu: na kamfani guntu, na gwamnati a ƙarƙashinsa. Kwana uku a mako yana gida yana gyaran keken yara, amma a ƙididdiga ma'aikaci ne. Mutum kusan miliyan 6 aka sa cikin wannan tsari a watan. Amurka kuwa a wannan watan dai ta rasa ayyuka sama da miliyan 20, adadinta ya yi tsalle daga 3.5 a Fabrairu zuwa 14.7. Cuta ɗaya, masana'antu duk a rufe, amma wanda ya kalli jadawali zai ɗauka Jamus ba abin da ya same ta.

Auwalu:
Amma Anti Sadiya, Amurkar ta dawo da sauri. A 2023 ta sauka har 3.4. Saurin kora shi ne saurin ɗauka.

Sadiya:
Haka ne, ban musa ba. Sai dai wanda aka kora a can sau da yawa har inshorar lafiyarsa yake rasawa, a tsakiyar annoba. Kowane tsari da inda yake cizo.

Malam Habu:
To Sifaniya da Girka fa? Su ma Turai ne, ga kuɗi ɗaya da Jamus.

Sadiya:
Sifaniya gini ne ya ɗaga ta, gini ya kayar da ita. A 2007 tana wajen kashi 8, ana ta zuba gidaje da bashin banki, yara suna barin makaranta suna tafiya aikin gini saboda kuɗin da ake samu. Da kasuwar gidaje ta fashe a 2008, aka wayi gari a farkon 2013 tana kusan kashi 27, mutum sama da miliyan 6. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansu a lokacin ƴan kwantiragin wucin gadi ne, ba sai an kore su ba, ƙin sabuntawa kawai ake yi. Girka bashin gwamnati ne da tsuke bakin aljihun da masu ba ta rance suka gindaya mata. Tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aiki ya kai wajen 28. Abin mamaki yanzu kuma kiɗan ya juya: su na kudu suna sauka, na arewa suna hawa. Finlan da ake yi wa kallon ƙasar da ta gama tsara komai ta kai wajen kashi 10 a 2025.

Hajiya Rakiya:
Na tuna lokacin ana cewa fiye da rabin matasan Sifaniya ba su da aiki. Na yi ta tausayinsu.

Malam Tukur:
Nan ma akwai tarko, Hajiya. Kashi 55 da aka faɗa ba na dukkan matasa ba ne, na waɗanda suka fito kasuwar aiki ne. Ɗauki matasa 100. A ce 62 suna makaranta ba sa nema, 17 suna aiki, 21 suna nema ba su samu ba. Ana raba 21 ne da 38, ba da 100 ba, sai a samu kashi 55. A zahiri wajen ɗaya cikin biyar ne na matasan. Abin ya yi muni, amma bai kai yadda kunne ya ji ba. Wannan raba-da-wa ɗin shi ne rabin rikicin. In mutum ya gaji ya daina nema, yana fita daga sama da ƙasan lissafin gaba ɗaya, sai adadin ya sauka, minista ya fito yana murna.

Nura:
Wato ba mu kaɗai ake yi wa wannan wasan ba.

Auwalu:
Ina! Dubi Sin. A watan Yunin 2023 rashin aikin matasa ƴan 16 zuwa 24 a birane ya kai 21.3. A Agusta hukumarsu ta ce ta dakatar da fitar da adadin, za ta gyara hanyar lissafi. A Janairun 2024 ta dawo da 14.9 bayan ta cire ɗalibai. Duk da haka zuwa Agustan 2024 ya sake hawa 18.8. Ƙasar da ke yaye ɗalibai sama da miliyan 12 daga manyan makarantu a shekara ɗaya, ga harkar gine-gine ta durƙushe. Indiya ma a farkon 2019 rahoton da ya nuna kashi 6.1, mafi muni cikin shekara 45, sai jarida ce ta fallasa shi, gwamnati ba ta fitar ba sai bayan zaɓe.

Malam Tukur:
Cire ɗalibai yana da hujjarsa, amma lokacin da aka zaɓa a yi shi ne ya sa mutane zargi. Haka na Najeriya: komawa ƙa'idar duniya daidai ne a ilmance, kuskuren shi ne ba a fitar da tsohon ma'auni da sabo gefe da gefe na ƴan shekaru ba don mutane su ga inda aka dosa. Birtaniya tata matsalar daban ce, mutane ne suka daina amsa tambayoyin, har a Oktoban 2023 hukumarsu ta dakatar da alƙaluman da ta saba fitarwa saboda ba ta amince da su ba.

Zainab:
Tunda an zo Indiya, akwai abin da ya shafi Nura kai tsaye. Wani rahoton ILO na 2024 ya nuna a cikin matasan Indiya, masu digiri kusan kashi 29 ba su da aiki, waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba kuwa kashi 3 da ɗoriya. A Turai da Amurka akasin haka ne, mai digiri ya fi samun aiki. Mutum wajen miliyan 12 da rabi suka nemi gurabe 35,000 a hukumar jiragen ƙasa ta Indiya, a 2022 rikicin jarrabawar ya kai har aka ƙona taragon jirgi a jihar Bihar. Mai digiri yana jiran aikin da ya dace da takardarsa, iyaye suna ɗauke da shi. Marar takarda ba shi da abin jira.

Baba Ɗanjuma:
Ƴaƴana, sannunku da ƙoƙari. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ban yi zurfin karatu ba, amma akwai abin da nake so ku sa a lissafinku. Kun san yaron nan na Tunisiya, Muhammad Bu'azizi, da ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Buzid ranar 17 ga Disamban 2010 bayan an ƙwace masa kayan sana'a? Ba a yi wata guda ba Shugaba Ben Ali ya gudu daga ƙasar. Duk duniya aka ce rashin aikin yi ne ya tayar da gobarar. To bisa bayanin da Malam Tukur ya yi mana, wannan yaron mai aiki ne. Kullum yana tura baronsa. Da Zainab ta je gidansu da na'urarta, "e" za ta danna.

Zainab:
Wallahi Baba haka ne. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Malam Tukur:
Allah ya ƙara girma, Baba. Shi ya sa ita ILO ɗin, bayan ta ce marasa aiki a duniya wajen miliyan 186 ne a 2024, kashi 5 ke nan, sai ta ƙara wani adadi na duk masu son aiki da ba su da shi, har da waɗanda suka daina nema: miliyan 402. Masu aikin buga-buga kuma wajen biliyan 2.

Hajiya Rakiya:
Ku kuma ba wanda ya ambaci mata. A ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka, mace ɗaya cikin biyar ce kawai ake ƙirgawa a kasuwar aiki. Sauran huɗun ba sa cikin masu aiki, ba sa cikin marasa aiki. Wata tana so, amma ba inda za ta bar yara, ba motar da za ta kai ta, ko an hana ta. Ta wuni tana wanki da raino, takarda ta ce ba ta komai kuma ba ta neman komai. In rabin waɗannan suka fito nema gobe, jadawalin Malam Habu sai ya kife.

Mahamadu:
Katar ma tana ƙasan jadawalin tare da mu ƴan Nijar, kashi 0.1. Su kuma dalilinsu daban. Sama da kashi 90 na ma'aikatansu baƙi ne, zamanka a ƙasar yana rataye da aikinka. Aiki ya ƙare, ka hau jirgi. Rashin aikin naka sai a ƙirga shi a Nepal ko Bangaladash.

Malam Habu:
Japan fa? Kada ku ce min ita ma dabara ce.

Sadiya:
Ita tata gaskiya ce, amma tsufa ne ya kawo ta. Kusan kashi 29 na mutanen Japan sun kai shekara 65, yawan jama'ar yana raguwa shekara da shekaru. Masu barin aiki sun fi masu shigowa, kamfanoni ne ke farautar ma'aikata. Nijar kuwa kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Ka ga ƙasashe biyu a wuri ɗaya cikin jadawali, ɗaya ta rasa matasa, ɗaya ta rasa inda za ta kai su.

Auwalu:
To in haka ne a jefar da lambar mana. Me amfaninta?

Malam Tukur:
A'a, kada mu yi fushin da zai sa mu zubar da abin amfani. A cikin ƙasa ɗaya, da ma'auni ɗaya, musamman inda yawancin mutane ke cin albashi, lambar tana faɗin gaskiya. Da Amurka ta tashi daga 3.4 zuwa sama da 4, wannan hawan na gaske ne, kuma an san daga inda ya fito: babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa har sama da kashi 5 a 2023 don ya karya hauhawar farashi, rance ya yi tsada, kamfanoni suka rage ɗauka. An taɓa yin wanda ya fi haka a farkon shekarun 1980, kuɗin ruwa ya kusa 20, rashin aiki ya kai 10.8 a ƙarshen 1982. Na Jamus ma na gaske ne: iskar gas mai araha daga Rasha ta yanke a 2022, motocin Sin suna cin kasuwarsu, Volkswagen ta amince a Disamban 2024 za ta rage gurabe 35,000 zuwa 2030. Jera Jamus da Faransa, ko Amurka da Kanada, yana da ma'ana. Jera Nijar da Japan ne ba shi da ita. Ga ƙasa irin Nijar ko Najeriya, ni abin da nake fara dubawa shi ne mutum nawa cikin ɗari ke karɓar albashi, awa nawa suke samu, kuma abin da suke samu yana fitar da su daga talauci ko a'a.

Nura:
Duk na ji, Malam, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ina ganin wanda ya san lambar ba ta dace da ƙasarsa ba, ya kuma fito yana alfahari da ita, ya san abin da yake yi. Yaya Zainab, tambaya ɗaya. Ban gaya muku ɗazu ba, iyayen yaran da nake koyarwa sun ce a dakata, sun ƙaura. Mako biyu ke nan ban yi ko minti ɗaya ba. Yanzu dai na shiga sahun marasa aikin ko?

Zainab:
In an ba ka aiki gobe za ka fara?

Nura:
Yau ma.

Zainab:
Cikin mako huɗun nan ka aika takarda wani wuri, ko ka je intabiyu, ko ka tambayi wani ya nema maka?

Nura:
Gaskiya tun wata uku da suka wuce ban sake aikawa ba. Na aika sun fi ɗari, ko amsar "mun gani" ba na samu.

Zainab:
To ba ka cikin masu aiki, ba ka cikin marasa aiki. Layinku ɗaya da ɗalibai da ƴan fansho.

Baba Ɗanjuma:
Barka da zuwa layinmu, ɗana. Turo min takardun naka ta akwatin sirri in nuna wa wani.